Fitilar da Ta Kayar da Yayana

Har yau idan na bi ta gaban shagon aski ko na masu sayar da waya a birnin Tawa, na ga zaren fitilar nan mai launi-launi yana gudu a bakin ƙofa, ja ya kori shuɗi, shuɗi ya kori kore, sai in ji miyau ya taru mini a baki. Fitilar ba ta yi mini laifin komai ba. Ni dai na san abin da na aikata da irinta.

Aikin lantarki nake koyarwa a wata makarantar koyon sana'a a cikin gari. Garinmu kuwa ƙauye ne a kan hanyar Bambeye, inda duk wanda ya iya haɗa waya biyu wuta ba ta ja shi ba ake yi masa kallon mai asiri. Mu biyu ne maza a ɗakin innarmu. Ni aka kai lakwal, wato makarantar boko, yayana aka bar wa gona da kokowa.

Yayana ba ya cikin ƴan kokowar da ake nunawa a talabijin. Abu ɗaya gare shi, kuma da shi yake taƙama: tun ranar da ya fara ɗaura walki, ba a taɓa kayar da shi a fagen garinmu ba. An kayar da shi a Afala, an kayar da shi a wasu garuruwan, ya tashi ya kakkaɓe jikinsa yana dariya. Amma a gida, a ƙarƙashin gawon nan na bayan filin idi, ba a yi wanda ya kai shi ƙasa ba, kuma da wannan makaɗa suke buɗe kirarinsa. A shekarar da nake ba da labari gwiwarsa ta hagu ta fara ciwo, furfura ta fito masa a gemu, ya yi wa inna alkawari cewa kokowar bayan kaka ita ce ta ƙarshe. Ba ya neman kyauta ba ya neman yabo, so yake ya sauka da sunansa yadda yake.

Wanda ya ɗauki nauyin kokowar ta bana wani Alhaji ne ɗan garinmu, da ya yi shekaru yana biɗa a Abijan, ya dawo da tumbi da zobba a yatsu uku. Ya same ni a makaranta da kwali cike da zaren fitila, irin wanda ake ce wa led. Kafin ya zauna ya kira ni injiniya sau uku. Ni ba injiniya ba ne, malamin sana'a ne, amma ban gyara masa ba, don kalmar ta yi mini daɗi. Abin da yake so shi ne a naɗe rumfar manyan baƙi da dogayen sanduna biyu da fitilun, su yi ta rawa ana kokowa. Idan namu ya yi kaye su koma ja gaba ɗaya, idan baƙo ne su koma kore. Na ce masa wannan ai wasa ne.

Wasan ne kuwa. Akwai wani ɗan allo mai girman akwatin ashana, muna ce masa kart, shi ke gaya wa kowace fitila launin da za ta yi da lokacin da za ta yi shi. Kai kuma kana magana da shi daga ordinatar, wato kwamfuta, ta wani kabul, a layin da muke kira seri, inda haruffa ke tafiya ɗaya bayan ɗaya. Na shirya cewa idan na danna J a yi ja, idan na danna K a yi kore, launin ya tsaya ɗan lokaci, sannan rawa ta sake farawa daga farko. Rawar kuwa ban rubuta ta da kaina ba, kwafo ta na yi daga intanet. Salo biyar ne a jere, saboda Alhaji ya ce ba ya son abu na talakawa, kuma kowane salo cike yake da umarnin jira: kunna wannan, jira, kashe shi, kunna na gaba, jira. Kafin kart ya gama zagaye ɗaya yakan yi kusan minti huɗu.

Ranar Talata na ga aibin. Na danna J, fitilu suka ci gaba da rawarsu kamar ban yi magana ba. Dalilin a fili yake: kart ba ya leƙa abin da aka aiko masa sai ya kai ƙarshen zagaye, kuma ko a nan harafi ɗaya yake ɗauka ya koma rawa. Sauran ba ɓacewa suke yi ba, layi suke bi kamar tuluna a bakin famfo, kowane yana jiran nasa zagayen. Maganin wannan na san shi, ni ne ma nake koyar da shi. Kwana uku gare ni kafin Asabar. Na shafe su ina shan shayi a fada, majalisarmu ta hira da abokai, ina gaya musu cewa ni ne zan haska kokowar garinmu. Idan abin ya faɗo mini a rai sai in ce, mutanen ƙauye ne, wa zai lura da jinkirin minti biyu. Haka na faɗa a zuciyata game da mutanen da suka haife ni.

Ranar Asabar bayan azahar na ɗaura komai, na jona da batirin sola na Alhaji. Baƙin da za a kara da su daga wajen Tebaram suka zo, mota biyu shaƙe da mutane da ganguna. Sai na ga Alhaji ya sa an kai teburina can gefen rumfa kusa da kujerarsa, ya sa an yafa wa ordinatar zane, wai saboda rana. Sannan ya fito da wata tsohuwar kamara, matacciya, ko waya babu a jikinta, ya sa aka ɗaure ta a kan ɗaya daga cikin sandunan tana kallon fage. Na tambaye shi amfaninta, ya kashe mini ido ɗaya ya ce ado ne.

Duk wanda ya san kokowar ƙauye ya san inda rigima take. Alƙalin fage tsohon ɗan kokowa ne na garin da ake wasa, don haka duk kayen da bai fito fili ba, baƙi cewa suke ya bi ɗan garinsu. Bara sai da aka zare sanduna, aka tashi babu sallama. To, a kan wannan ciwon Alhaji ya ɗora hannu. Ya karɓi lasifika, ya gaishe da maigari da dattawan baƙi, sannan ya nuna kamarar nan da sandarsa.

“Bana babu gardama,” in ji shi. “Mashin wanga shina da ido. Ba shi da gari, ba shi da dangi. Wanda duk yar riga taɓa ƙasa, hitila za ta hwaɗi. Ga injiniya nan, ɗanku na, ku tambaye shi.”

Fage duka ya juyo ya dube ni. Mata suka rangaɗa guɗa, na hango inna a cikinsu tana gyara mayafi. Abin da ya kamata in yi ƙarami ne, in miƙe in ce a'a, yatsana ne ke dannawa, kamarar nan ko ƙuda ba ta gani. Ban miƙe ba. Murmushi na yi, na ɗaga hannu kamar ɗan takara. Dattawan ɓangarorin biyu suka haɗa kai suka yi shawara, suka yarda cewa duk inda aka yi saɓani, abin da fitila ta nuna shi ne hukunci. Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha a kan haka, ni ma na shafa tare da su.

Aka fara da ƙanana. Kaye ya fito fili, alƙali ya ɗaga hannun wanda ya ci, ni kuma na zura hannu ƙarƙashin zane na danna. Fitilu suka ci gaba da rawa. Minti ɗaya, wani lokaci biyu, wani lokaci uku, sannan launin ya fito. Na zaci za a yi mini dariya, har na shirya abin da zan ce game da zafin rana da batir. Ina! Wani tsoho a bayana cewa ya yi nazari take, ba ta da garaje irin na alƙalanmu. Maganar ta zagaya fage. Daga nan ba a sake sakin wasu ƴan kokowar ba sai fitila ta yi magana, kowa ya yi tsit yana kallon sanduna, launi na fitowa a ɗauki ihu. Lalacina ya zama hikimar mashin, ni kuma ina zaune ina kumbura.

Gab da kokowar yayana, wani baƙo ya ɗaga namu ya maka shi da ƙasa, kaye mai kyau, ko makaho ya ji ƙararsa. Na danna K. An taki rashin sa'a zagaye bai daɗe da farawa ba, jiran ya yi tsawo, baƙi suka fara gunaguni. Alhaji ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce baƙi na jira, injiniya. Don in nuna masa ina yin wani abu, na sake danna K. Can kore ya fito, baƙi suka yi ta tsalle, rawa ta koma farko. Harafin na biyu kuwa yana nan a layi, ni kuma na manta da shi sarai, saboda hankalina yana kan yayana.

Ana jiran fitilar ne aka gama yi masa kirari, don haka kore na gushewa aka sake su. Abokin karawarsa saurayi ne dogo, mai ladabi, sai da ya durƙusa ya gaishe shi kafin su shiga. Rana ta yi sanyi, inuwar gawo ta rufe rabin fage, fitilun sun fara haske sosai. Yayana bai yi gaggawa ba. Ya sunkuya yana taɓa ƙasa da yatsu, yana kare gwiwar nan tasa, yana barin yaron ya yi ta kai hannu. Yaron ya kai sau biyu ya rasa, a na uku ya samu ƙugu ya ɗaga. Yayana ya saƙala masa ƙafa ta ciki, suka juya tare, suka zo ƙasa tare, daidai gefen da teburina yake.

Na gani da idona, babu taku biyar tsakanina da su. Kafaɗar yaron ce ta fara sauka, yayana yana bisa ƙirjinsa, sai bayan nan suka mirgina yaron ya koma sama. Alƙali yana ta wancan gefen, bayansu kawai ya gani. Ya tsaya da hannu a sama bai kama na kowa ba. Namu suka ce namu, baƙi suka ce nasu, aka fara matsowa cikin fage. Sai maigari ya ɗaga sandarsa ya nuna fitila, kowa ya ja da baya ya yi shiru.

Na zura hannu na danna J. Hankalina a kwance yake, har ina jin daɗin cewa ni ne zan ba yayana abinsa a gaban kowa. Ya miƙe tsaye, ƙasa a gefen fuskarsa, yana haki, hannayensa a ƙugu. Fitilu suka gama salo na biyar, suka ɗauke na ƙiftawar ido, sannan rumfa da sanduna biyu suka koma kore shar.

A take na gane. K ɗin nan da na danna don in faranta wa Alhaji ya riga J ɗina shiga layi. Na yi ta danna J a ƙarƙashin zane kamar mahaukaci, alhali na fi kowa sanin cewa bayan layi suke tafiya. Baƙi suka ɗauki yaronsu a kafaɗa, gangunansu suka cika fage. Makaɗanmu suka sauke nasu. Yayana bai dubi fitilar ba ko sau ɗaya, wajen teburina ya duba. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ɗaga gefen zane kamar ina gyara wani abu.

Na so a ce Alhaji ya riƙe mini hannu, ko ya yi mini barazana, da na samu wanda zan ɗora wa. Ba wanda ya hana ni magana. Lasifika tana kan kujera kusa da ni. Abin da zan faɗa gajere ne, amma a cikinsa akwai cewa mashin ba shi da ido, cewa tun azahar ni ke dannawa, cewa na bar liman ya shafa fatiha a kan ƙarya ina kallo. Na auna wannan da sunan yayana, a zaune, cikin ƴan daƙiƙu, na zaɓi kaina. Alhaji ne ya ɗauki lasifikar.

“Kun gani ko?” in ji shi. “Ko wan injiniya ba ta sani ba. Wagga ita ta gaskiya!”

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni ƙyama. Dattawan baƙi suka zo ɗaya bayan ɗaya suna ba ni hannu, suna cewa Allah ya yi mini albarka, ba su taɓa ganin mai amana irina ba. Har namu, da ransu a ɓace, wasu suka dafa kafaɗata suka ce gaskiya ɗaya ce, haƙuri za a yi. Na karɓi hannun kowa. Yayana ya je ya riƙe hannun yaron ya ɗaga shi sama da kansa, yadda ake yi, ya kwance layunsa ya ba wani abokinsa, ya bi ta bayan gawo ya tafi gida.

Ana kiran magariba mutane suna watsewa, sai zagaye ya ƙare, fage ya koma ja. J ɗina na farko ne ya iso. Bayan minti huɗu ya sake yin ja, babu kowa sai masu kwashe tabarmi da wata mai tallan ƙosai. Wani ya tambayi Alhaji ma'anarsa, ya ce ban kwana mashin yake yi. Akwai sauran jajaye da yawa a layi, ban san adadinsu ba. Na fizge kabul ɗin, na tura komai cikin kwali, na bi motar farko zuwa Tawa ban ko shiga gida ba.

Ranar Litinin na gyara kart ɗin a aji, kafin ɗalibai su gama shigowa. Na cire umarnin jiran nan duka, na sa kart ya riƙa duba agogonsa don ya san lokacin matsawa gaba, ya kuma riƙa leƙa layin seri bayan kowane taku, ya ɗauki harafin ƙarshe ya zubar da sauran. Ko minti goma sha biyar ban yi ba. Na danna J, kafin in ɗaga yatsa ajin ya koma ja. Na danna K a tsakiyar rawa, ta tsaya cak ta koma kore. Ɗalibai suka yi tafi, na mayar da shi darasin ranar, na yi musu faɗa a kan masu kwafo aiki daga intanet ba su karanta ba. Da na fito sai da na tofar da miyau a gindin bango.

Labari yana zuwa mini daga gida ko ban nema ba. An ce an yi suna a unguwarmu, makaɗa suka ga yayana suka fara kirarinsa, suka zo daidai wurin nan na fagen gida suka tsallake shi. An ce bai yi gardama da kowa ba, duk wanda ya ce masa an zalunce shi sai ya ce an shafa fatiha, magana ta ƙare. An ce wasu garuruwa biyu suna neman Alhaji ya ba su aron injiniyansa. Na daina ɗaga wayarsa, na kuma ɗauki wannan a matsayin jarumtaka.

Sai da na yi mako uku na iya zuwa. Na same shi da hantsi a bayan gida yana saƙa zana, ƙafar nan mai ciwo a miƙe. Ya yi mini sannu da zuwa, ya tambayi aiki da iyali, ya tura mini kujera da ƙafa. Na zauna na fara. Na yi masa bayanin zagaye, da layin haruffa, da K na biyu, har ina zana masa a ƙasa da tsinke, don bayanin mashin ya fi mini sauƙin faɗa. Ya bar ni na gama. Sannan na ce kafaɗar yaron ce ta riga sauka, na gani da idona, kuma in ya yarda ranar Juma'a zan tsaya a ƙofar masallaci in faɗa wa kowa.

Hannunsa ya tsaya a kan zanar.

“Ni na san ban hwaɗi ba,” in ji shi. “Jikina na, ni ka jin abin da yat taɓa. Masallaci kuma bar shi, kar ka tada hitina tsakanin gari biyu don tsoho guda.”

Na ce to, na kuma ji sanyi a raina, Allah ya sani na ji. Ya jawo wani kara ya soka, bai dube ni ba.

“Inna ta tambaye ni, matata ta tambaye ni. Nic ce musu ƙanena kai nai na duƙe ga mashin, bai ga komi ba. Da ya gani, da ya tashi.” Ya ja igiya ya ɗaure. “Ashe ka gani.”

Ya ci gaba da saƙarsa har inna ta aiko da tuwo, an yanka kaza saboda zuwana. Muka wanke hannu muka zauna a kwano ɗaya. Ya tsinci cinyar ya turo ta gefena da yatsa, don shi ne babba, ni ne ƙane kuma baƙo. Na ɗauka na ci.